Allurar tazara ta ƙare, maigida ya dawo ba zato: shin ƙwayar gaggawa za ta yi mini amfani?

Maman Amira ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure, da ma duk 'yar uwar da ta san kan al'amarin, domin yau Lahadi ce, sashen tazarar haihuwa na asibitin unguwarmu ba ya buɗewa sai gobe, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Wata goma ke nan da haihuwata, kuma aiki aka yi mini aka ciro yarinyar, shi ya sa likitan da ya sallame ni ya ja mini kunne cewa kada in sake ɗaukar ciki sai na cika shekara biyu. Bayan arba'in na fara karɓar allurar wata uku, na karɓa sau biyu. Da lokacin ta ukun ya yi, maigidana yana Fatakwal wurin aiki, ba a kuma sa ran zuwansa sai ƙarshen shekara, sai na ga gara in bar jikina ya huta da ɗigon jinin da allurar ke sa ni. Yanzu rabona da ita ya haura wata biyar. Shekaranjiya Juma'a da daddare sai ga shi ya iso ba sanarwa, an ba shi hutun mako biyu, kuma mun sadu a daren ba tare da wata kariya ba. Jiya na yi masa bayani, ya fahimta, ya ce in bincika abin da ya kamata a yi, mu kuma dakata har sai mun san matsayinmu.

Tun da na haihu ban ga cikakkiyar al'ada ba, sai ɗigo jefi-jefi, saboda haka ba ni da ranar da zan ɗora lissafi a kanta. Ina shayarwa har yanzu, amma Amira tana shan kunu, tana cin faten dankali, wani lokacin ma takan kwana ba ta nemi mama ba. Nauyina kilo 78 ne a awon ƙarshe da aka yi mini. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa kanwa da lemun tsami in sha, yayata kuma ta ce in aika a sayo Postinor, ƙwayar gaggawa ta hana ɗaukar ciki, sai dai na sha jin ana cewa tana kashe mahaifa, wasu ma suna cewa zubar da ciki ne aka sauya wa suna. Abin da nake son sani shi ne ko akwai haɗarin ɗaukar ciki a halin da nake, ko lokacin shan ƙwayar bai wuce ba, ko za ta taɓa yarinyar ta hanyar nono, sannan ko shanta bai saɓa wa addini ba. Allah ya saka da alheri.

Ummu Yasir ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Maman Amira. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma a ganina ki kwantar da hankalinki, tunda kina shayarwa kuma al'adarki ba ta dawo ba. Ni 'ya'yana uku, ban taɓa ɗaukar ciki ba sai bayan na yaye, kuma ban taɓa shan komai ba. Ita kuwa wannan ƙwaya ina jin tsoronta, domin akwai wata a danginmu da ta riƙa shanta a farkon aurenta, yau shekara shida ke nan tana neman haihuwa, mutane da yawa kuma suna cewa ita ce sanadi. Da ni ce, da na bari gobe na je asibiti na koma kan allurata, na bar wa Allah sauran. Kanwa dai kada ki sha, ba na jin tana da wani amfani a nan.

Sista Binta, ungozoma, ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata Maman Amira, zan fara da abin da ya kamata ki yi yau, bayani ya biyo baya. A aika yanzu, kafin azahar, a sayo miki ƙwayar da aka rubuta levonorgestrel a jikin kwalinta, ko Postinor-2 ko Postpill ko wata mai wannan sinadari. Adadin da ake bukata miligiram 1.5 ne. Idan ƙwaya ɗaya ce a cikin kwalin, ita ke nan. Idan kuwa biyu ne masu miligiram 0.75 kowace, kamar yadda Postinor-2 take zuwa, ki haɗiye su tare, ba sai kin raba su da awa 12 kamar yadda ake yi a da ba. Awa 72 da aka rubuta a takardar maganin za su cika gobe Litinin da daddare, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a sha har zuwa awa 120, wato daren Laraba a lissafinki. Amma kada wannan ya sa ki jinkirta, domin ba agogo take tsere da shi ba, da fitowar ƙwanki take tsere, ke kuma ba ki san ranar da zai fito ba.

Mutane da yawa sun ɗauka ciki yana shiga ne a daren da aka sadu, alhali sau da yawa ba haka ba ne. Maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a cikin mahaifa da bututunta, shi kuwa ƙwan mace idan ya fito bai wuce awa 12 zuwa 24 yake yi ba kafin ya lalace. Ke nan saduwar daren Juma'a tana iya zama ciki ranar Litinin ko Talata, idan ƙwai ya fito ya tarar da maniyyi yana jiransa. Aikin ƙwayar gaggawa shi ne ta riƙe ƙwan, ta jinkirta fitowarsa har maniyyin da ke ciki ya mutu. Idan ƙwan ya riga ya fito kafin a sha ta, shanta ya zama ihu bayan hari, kuma daga nan ne ake samun waɗanda suke cewa sun sha amma ciki ya shiga. Wannan shi ne kuma amsar masu cewa zubar da ciki ce: ba ta da ikon taɓa cikin da ya riga ya shiga, ba ta zubar da shi, ba a kuma samu tana nakasa jaririn da ke cikinsa ba.

Game da ko kina cikin haɗari, amsar ita ce eh, ko da yake haɗarinki bai kai na macen da al'adarta ke zuwa daidai duk wata ba. Allurar wata uku, ko Depo-Provera ce ko Sayana Press, ana maimaita ta duk mako 13, kuma tana da rangwamen mako 4 bayan ranar da aka rubuta a kati, wato da a ce rabonki da ita bai wuce mako 17 ba, da na ce ki je gobe a yi miki kawai, ba ki bukatar komai. Ke kuwa kin haura mako 21. Gaskiya ne cewa wannan allura tana da jinkirin sakin jiki, domin a matsakaicin lissafi mata sukan ɗauki ciki ne wajen wata goma bayan allurar ƙarshe, amma matsakaici ba alkawari ba ne, akwai waɗanda ƙwansu ke dawowa tun kafin haka da nisa. Ga mai ɗinki a mahaifa wadda haihuwarta ba ta cika shekara ba, ba zan ce ta zauna ta gwada sa'a ba, saboda cikin da ya biyo aiki kurkusa yana ƙara haɗarin tabon ya buɗe a lokacin naƙuda.

Ummu Yasir, Allah ya raya miki zuri'a, abin da kika gani a jikinki gaskiya ne, sai dai ba kowace mace ce ke samun haka ba. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne idan sharuɗɗa uku suka haɗu: jaririn bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, sannan al'ada ba ta dawo ba. Amira wata goma gare ta, tana cin abinci, tana kwana ba ta nemi mama ba, ke nan biyu daga cikin ukun sun faɗi. Rashin ganin al'ada ma ba madogara ba ne, saboda ƙwai yana fitowa ne kimanin kwana 14 kafin jinin, don haka mace tana iya ɗaukar ciki da ƙwanta na farko ba tare da ta ga ko ɗigo ba. Yawancin masu kwanikan da ke zuwa mana awo, maganar da suke fara yi ke nan: “Sista, ai ban ga al'ada ba tukuna.” Batun 'yar uwarku kuma, Allah ya ba ta masu albarka, amma sinadarin wannan ƙwaya cikin 'yan kwanaki yake fita daga jiki, har ma mace tana iya ɗaukar ciki a cikin watan da ta sha ta. Abin da ya dace da ita shi ne a bincike ta ita da mijinta, a duba toshewar bututu da ciwon sanyi ke jawowa, a duba fitowar ƙwai, a kuma auna maniyyin maigidan, maimakon a ɗora wa ƙwaya laifi a zauna.

Akwai lissafin da muke koya wa ɗalibai: idan mata 100 suka sadu da mazajensu sau ɗaya a mako na biyu ko na uku na zagayen al'adarsu ba tare da kariya ba, kimanin 8 za su ɗauki ciki, idan kuwa duk suka sha levonorgestrel, kimanin ɗaya ce za ta ɗauka. Abin da ya fi ta ƙarfi shi ne robar mahaifa mai jan ƙarfe. Idan aka saka ta cikin kwana biyar da saduwa, kariyarta ta haura kashi 99 cikin 100, ba ruwanta da nauyin jiki, ba ta taɓa nono, aikin da aka yi miki wata goma da suka wuce bai hana a saka miki ita ba, kuma za ta ci gaba da kare ki har shekara goma idan kina so, ranar da aka cire ta kuma kin koma yadda kike. Illarta ita ce takan ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, musamman a watannin farko. Shan ƙwayar yau bai hana a saka miki ita gobe ko jibi ba. Ki sha ƙwayar tukuna, sannan ku yi shawara da maigidan a daren nan.

Abu Fu'ad, mai harhaɗa magunguna, ya rubuta:

Malama Maman Amira, Sista ta gama magana a kan abin da za a sha da dalilinsa, ni zan ƙara ne a kan yadda za a sayo shi, domin a nan ne ake yawan yin asara. Kada a saya a wurin masu yawo da magani a kan tire ko a baro cikin rana, a je kantin magani mai rajista. Postinor-2 na kamfanin Gedeon Richter ne na ƙasar Hangari, kuma saboda kasuwarsa ana yi masa jabu. Ko a shekarar 2025 hukumar NAFDAC ta fitar da gargaɗi a kan jabunsa da ke yawo a Najeriya, inda daga cikin alamomin da ta nuna har da kuskuren rubutun Turanci a jikin kwalin. Wanda aka aika ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar maganin, ya kankare wurin da aka rufe da azurfa, ya tura lambobin da suka bayyana ta saƙon waya kamar yadda aka umarta a jikin kwalin, ya jira amsa kafin ya bar kantin. Minti biyu ne, amma mutane ba sa yi, saboda kunya ke sa su karɓa su cusa a aljihu su fice. Ya kuma faɗi sunan maganin ƙarara. Idan ya tsaya yana cewa a ba shi “maganin wanke ciki” ko “na dawo da al'ada”, ana iya miƙo masa wani abu dabam wanda ba ya hana ɗaukar ciki, yana ma iya jawo zubar jini.

Nauyinki da kika ambata yana da muhimmanci. Akwai binciken da ya nuna ƙarfin levonorgestrel yana iya raguwa ga macen da ta haura kilo 70, shi ya sa ƙwararru a Ingila suke ba irin waɗannan mata shawarar su ninka adadin ya zama miligiram 3, ko su koma ga wata ƙwaya mai suna ulipristal, ta miligiram 30, wadda ƙarfinta ke kaiwa awa 120 ba tare da ya ragu sosai ba. Ulipristal ta fi tsada, ba kuma kowane kanti ke ajiye ta ba, saboda haka kada a ɓata yinin yau wajen nemanta. Ninkawar ba ta da haɗari, sai dai hujjar cewa tana ƙara kariya ba ta yi ƙarfi ba, don haka a wurina nauyin naki wani dalili ne da zai sa ki ɗauki maganar robar mahaifa da muhimmanci. Idan kina shan rifampicin na tarin fuka, ko maganin farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital, ko efavirenz daga cikin magungunan HIV, ki gaya mana, domin waɗannan suna sa hanta ta narkar da ƙwayar da sauri. Mai shan su, ko wadda ta sha su cikin mako huɗu da suka wuce, roba ce ta fi dacewa da ita, idan ba ta samu ba sai ta ninka levonorgestrel.

Ki ɗan ci wani abu kafin ki sha. Idan kika yi amai cikin awa biyu zuwa uku da shanta, ki ɗauka ba ta zauna ba, a sake sayo wata. Tashin zuciya, ciwon kai, kasala, nauyin nono da ɗigon jini duk suna iya zuwa, kuma sukan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Game da Amira, za ki iya ganin an rubuta a takardar cikin kwalin cewa a shayar da yaro kafin a sha, sannan a dakata awa takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya wannan sharaɗi ba, domin abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai. Ki ba ta ta ƙoshi, ki sha ƙwayar, idan ta nema daga baya ki ba ta.

Kanwa da lemun tsami kuwa, da ruwan gishiri, da Andrews, da Ampiclox, da duk abin da ake haɗawa a sha bayan saduwa, babu abin da za su iya yi wa maniyyin da ya riga ya haye mahaifa cikin 'yan mintoci. Haka nan yin fitsari da tsarki da ruwan zafi, tunda mafitar fitsari dabam take, ruwa kuma ba ya wuce bakin mahaifa. Abin da kanwa mai yawa za ta iya yi miki shi ne ta ɓata miki ciki, ta wahalar da ƙodarki, ta kuma cinye miki awannin da ƙwayar gaskiya take da amfani a cikinsu.

Malam Abu Maryam ya rubuta:

Assalamu alaikum. Baiwar Allah, tambayarki ta ƙarshe ita ce ta shafe ni. Asalin da malamai suke ɗora wannan mas'ala a kansa shi ne azalu, wato miji ya zubar da maniyyinsa a waje. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, cewa sun kasance suna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma jamhurin malamai sun halatta shi da yardar matar. A kan wannan ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar cewa ya halatta ma'aurata su jinkirta ɗaukar ciki na wani lokaci idan akwai bukatar da shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar junansu, matuƙar hanyar ba ta cutarwa kuma ba ta taɓa cikin da ya riga ya samu, tare da haramta kashe haihuwa gaba ɗaya sai da larura. Ke kina da gargaɗin likita, kina da jaririya a hannu wadda Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayar da ita, mijinki kuma ya yarda, don haka ta fuskar dalili babu abin da ya rage.

Inda nake so a yi hattara shi ne mazhabarmu ta Malikiyya tana da tsanani a kan abin da ya riga ya zauna a mahaifa, domin mashhurin zance a cikinta shi ne bai halatta a fitar da shi ba ko da bai kai kwana arba'in ba. Saboda haka hukuncin yana rataye ne a kan yadda maganin ke aiki, wannan kuwa fannin likitoci ne. Idan ƙwayar tana hana ƙwai fitowa ne kawai, kamar yadda Sista ta bayyana, to hana haɗuwar ruwa biyu ne, hukuncinta hukuncin azalu. Ina roƙon Sista ta fayyace mana ko ita ma robar da ake sakawa bayan an sadu haka take aiki, ko kuwa akwai bambanci. Allah ne mafi sani.

Maman Amira ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Baban Amira da kansa ya je ya sayo, ya kankare ya tura lambar a gaban mai kantin, amsa ta zo cewa na gaskiya ne. Na sha bayan sallar azahar, mai maganin ya ba da shawarar a ninka saboda nauyina, haka kuma aka yi. Yanzu an yi isha'i, ban yi amai ba, sai ɗan jiri da ya zo ya wuce. Ba na shan ko ɗaya daga cikin magungunan da Malam Abu Fu'ad ya lissafa. Anti Sista, maigidan yana nan har kwana goma sha biyu masu zuwa, shin ƙwayar da na sha za ta ci gaba da kare ni a cikin waɗannan kwanaki? Sannan idan na zaɓi komawa kan allura, za a yi mini gobe, ko sai na jira na ga al'ada? Ina kuma jiran amsar tambayar da Malam ya yi, domin a kanta za mu yanke shawarar robar.

Sista Binta ta sake rubutawa:

Allah ya gafarta Malam, akwai bambanci, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. A kan levonorgestrel, binciken da aka yi ya nuna matan da suka sha ta bayan ƙwai ya fito sun ɗauki ciki daidai da yadda za su ɗauka da ba su sha ba, wannan kuwa shi ne shaidar cewa ba ta hana ƙwan da ya haɗu da maniyyi zama a mahaifa. Ita kuwa roba, babban aikinta shi ne jan ƙarfen da ke jikinta yana kashe kuzarin maniyyi ya hana shi kaiwa ga ƙwai, amma idan bayan saduwa aka saka ta, tana iya kuma hana ƙwan da ya riga ya haɗu maƙalewa a bangon mahaifa, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa ta fi ƙwaya ƙarfi. Likitanci ba ya kiran wannan zubar da ciki, tunda a wurinmu ciki yana farawa ne daga maƙalewar, wadda ke faruwa wajen mako guda bayan haɗuwar, amma wadda zuciyarta ba ta natsu ba tana iya jira a tabbatar ba ta da ciki, sannan a saka mata robar a matsayin tazara ta yau da kullum.

Ƙanwata, ƙwayar da kika sha ta daren Juma'a ce kawai, ba ta kare abin da zai biyo baya. Hasali ma, tunda tura ƙwan ta yi zuwa gaba, kwanakin nan masu zuwa su ne ya fi yiwuwa ya fito a cikinsu, don haka saduwa ba kariya a wannan makon tana iya fin ta Juma'ar haɗari. Ba sai kin jira al'ada ba, gobe za a iya yi miki allurar, domin levonorgestrel ba ta karo da ita. Da ulipristal kika sha ne za a ce ki jira kwana biyar. Ki tafi da katinki, ki gaya wa ma'aikaciyar ranar da kuka sadu da ranar da kika sha ƙwayar. Tana iya yi miki gwajin fitsari, zai kuma nuna babu komai, amma wannan bai ce komai a kan daren Juma'a ba, saboda ya yi wuri. Tun shekarar 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta da na jihohi, ko da yake wani lokacin akan biya kuɗin kati ko safar hannu, wani lokacin kuma kayan sukan yanke, don haka ki riƙe ɗan kuɗi. Bayan allurar sai an yi kwana bakwai kafin ta kama, a cikinsu ko dai ku yi haƙuri ko Baban Amira ya yi amfani da kwaroron roba, ki karɓo masa a can.

Ga sauran masu karantawa, ƙwayar gaggawa ba ta kare kowa daga cutar da ake ɗauka ta saduwa. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wadda take shakkar lafiyar wanda ta sadu da shi, ta je asibiti cikin awa 72 a ba ta maganin kariya daga HIV, wanda ake sha kwana 28, tare da ita ƙwayar.

Tunda ba ki da al'adar da za ki jira, kuma allurar ma tana iya ɗauke ta, gwaji ne kaɗai zai ba ki tabbaci. Ki ƙirga kwana 21 daga daren saduwar, wato Juma'a ta uku mai zuwa, ki gwada da fitsarin farko na safe; layi ɗaya babu ciki, layi biyu ko da na biyun ya dusashe akwai. Idan ya nuna akwai, kada ki firgita a kan ƙwayar ko allurar, ba a samu suna cutar da jariri ba, sai dai ki fara awo da wuri a asibitin da ke da ɗakin tiyata, ki kuma gaya musu tarihin aikinki tun ranar farko. Idan kuwa a cikin makonnin nan kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mararki, ko jiri kamar za ki faɗi, ko ciwo a saman kafaɗa, da jini ko babu jini, kada ki jira ranar gwaji, kada kuma ki tsaya a kemis, ki wuce asibiti a yi miki hoto, domin alamun cikin da ya zauna a bututun mahaifa ke nan, shi kuwa idan ya fashe jini yake zubarwa ta ciki.